Jegon Baba

Yanzu jiniya ba ta tashe mu. Ban san ranar da ta daina kuka ba. Wata safiya dai na farka na tarar rana ta riga ni tashi, na kasa kunne ban ji komai ba sai akuyar maƙwabta tana taunar kwali a bayan katanga. Tun da aiki ya ja baya a ramukan ma'adini, Arlit ya koma kamar gidan da aka gama biki aka naɗe tabarmi. A layinmu gidajen da ake hura wuta ba su cika yatsun hannu ba. Sauran an garƙame su da kwaɗo, masu su sun koma Tawa ko Damagaram, samarin kuma sun bi masu haƙar zinariya cikin sahara, ba a jin su sai ta saƙon murya jefi-jefi. Abin da bai tafi ba shi ne tsibin tarkacen dutsen nan da ke bayan gari, wanda muka ga tashinsa tun yana kamar jujin unguwa har ya zama tsauni. Shi kam yana nan, toka-toka, ko ciyawa ba ta yarda ta fito a kansa ba.

Rannan bayan la'asar jikata Nana ta zo ta tsuguna kusa da ni da salularta. Ta ce, "Kaka, kin ji wai mutane sun sake ɗaukar hanyar wata? Duba ki gani, ga su nan cikin kumbo suna yawo kamar kifi." Na sa tabarau na duba. Mutane ne suna murmushi, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, ga wata nan ta taga, duk ramuka, kamar bayan garinmu. Na ce mata, "To ƙawata, in sun dawo za a yi musu arba'in?" Ta dube ni ta yi dariya, ta ce tsufa ya fara taɓa ni. Ban ba ta amsa ba, domin amsar doguwa ce, ni kuma tun ina yarinya bakina ya fi alƙalamina nauyi. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ina ƙarama Baba ya ɗauko mu daga ƙasar Damagaram ya kawo mu nan, a bayan kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, muna a saman kayan, kwana da kwanaki muna cin yashi. Gari bai zama gari ba tukuna. Akwai unguwar Turawa da manyan ma'aikata, mai fitilu da 'yan itatuwa da ake shayarwa kamar jarirai. Akwai kuma unguwar bukkoki inda muke, wadda aka gina da abin da kamfani ya zubar: tano, wato gangar ƙarfe, da aka fasa aka miƙe ya zama kwanon gini, kwali, katakon akwatuna, tsofaffin buhuna. Da rana kwanon ya yi zafi har ba a iya jingina da shi, da asuba kuma ya riƙa ƙara shi kaɗai yana saki. Sautukan wancan lokaci har yau suna kunnena. Jiniyar safe, wadda wani lokaci take haɗuwa da kiran salla har ladan ya dakata ya bar ta ta gama. Takun takalman aiki a kan tsakuwa, maza suna wucewa suna tari suna gaisawa da Hausa iri-iri, ta Tawa, ta Katsina, ta Sakkwato, da ta mutanen Abzin. Karon garewani a bakin famfo, inda mata ke jera layi suna faɗa a kan wadda ta riga zuwa, su gama su taya juna ɗorawa. Da tsakar rana kuma sai a tashi nakiya a rami, ƙasa ta girgiza, kwanonin Inna su yi ta kaɗawa a kan jere, can wani farin gajimare ya taso ya tsaya a sama ya rasa inda za shi. Inna takan ce wannan gari hadarinsa daga ƙasa yake tasowa, kuma ba ya zubar da ruwa. Yau famfo ya shigo gidaje, ba mai jera garwa, ba kuma mai taya ka ɗorawa.

Baba yana aiki inda ake niƙa dutse. Yakan dawo bayan la'asar fari fat kamar wanda ya kwana a buhun gari, gira fari, gemu fari, shuɗin kayan aikinsa sun koma ruwan toka. A wancan lokacin da kayan aiki ake dawowa gida, a rataye su a ƙusa cikin ɗaki kusa da rigar Juma'a. Ba wanda ya ɗauki wannan garin dutse a bakin komai. Ni har rubutu nake yi da yatsa a kan hular kwanonsa. Ƙanwata Rakiya, wadda aka haifa a nan, ita ta fi kowa son dawowarsa. Da ta ji takunsa sai ta rarrafa bakin ƙofa, ya ɗauke ta ya rungume, ta cusa fuska a wuyan rigarsa, wani lokaci barci ya kwashe ta a nan. Ba ta kai yaye ba. Tari ya kama ta, ƙirjinta ya riƙa kuka kamar ɗan kyanwa, aka kai ta asibiti aka dawo, aka sake kaiwa, na ƙarshe ba a dawo da ita ba. Aka ce kwana ne ya ƙare. Daga ranar aka daina ambaton sunanta a gidanmu.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana. Mai Takarda take ce mini. Ina zuwa lakwal, makarantar boko, kuma ba ni da ƙawa sai abin karantawa, wanda babu shi a unguwarmu sai a wurin Ladi mai ƙosai. Ladi Bakatsina ce mai baki kamar aska. Boyin wasu Turawa ke kawo mata tsofaffin jaridu masu hotuna tana naɗe ƙosai da su. Ni ba ƙosan ne ya dame ni ba. Nakan tsaya gefe in yi shiru har ta gaji da ganina, ta yago mini shafin da mai bai taɓa ba, ta ce, "Ungo, ci ki ƙoshi." In kawo gida in sa a ƙarƙashin tabarma ya miƙe, in karanta shi kalma-kalma. Wadda ban gane ba in yi ta juya ta a kaina, don kunya ba ta barin in ɗaga hannu a aji in tambayi malaminmu, wanda muke kira mushe.

Wata rana ta ba ni wasu shafuka a haɗe, sun tsufa har sun yi ja. A na farko wani mutum ne tsaye cikin fararen kaya masu kauri, kansa cikin wani abu kamar tulu, a wani fili mai toka da duwatsu, sama baƙi ƙirin. Kafin in karanta rubutun na ɗauka a bayan garinmu aka ɗauki hoton. A na biyu wasu maza uku ne sun leƙo ta wata 'yar taga mai gilashi, cikin wani ɗakin ƙarfe, suna dariya, ga matansu a waje tsaye suna kallonsu, ba mai taɓa wani.

Lokacin Inna ba ta daɗe da fita arba'in ɗin ƙanena Sanusi ba. Babbar tukunyar wankan jego tana kife a tsakar gida, ga ragowar ganyen darbejiya ya bushe a kan zana. Ganyen nan Gumar ne ya riƙa kawo shi daga Agadas, don a unguwarmu babu itacen da za ka tsinki ganye. Gumar aminin Baba ne, Ba'abzine direban kamyo, dogo, kullum bakinsa cikin rawani, Hausarsa kuma ba ta raba mace da namiji. Kowa "kai" ne a wurinsa. Ranar hutu ce, shi da Baba suna dafa shayi a inuwar katanga, sai Ladi ta shigo ganin jariri. Ita ta tona ni.

"Malam Idi, 'yarka ta cinye mini jarida. Ku sa ta faɗa mana abin da ke ciki mana, ko banza in san abin da nake naɗe ƙosai da shi."

Baba ya ce in ɗauko in karanta. Na tsaya kamar an dasa ni, na ce wasu mutane ne suka je wata.

"Wata ina?" in ji Ladi.

"Wata. Na sama."

Gumar ya ce shi ya ji wannan labari a rediyo shekarun baya, a Agadas, mutane suka yi ta gardama har aka kusa dambe a tasha. Ya ce, "To yarinya, ka faɗa mana, me suka samo a can?"

"Duwatsu," na ce. "Da ƙura."

Baba ya yi dariya har shayi ya zube. "Duk wannan tafiya don dutse? Da sun tambaye ni ai da na cika musu kamyon Gumar."

Sai Inna ta nuna hoto na biyu da haɓa. "Waɗannan fa, me suka yi aka kulle su?"

A ƙarƙashin hoton akwai wata kalma da na daɗe ina fama da ita: quarantaine. Na san quarante, arba'in ke nan, mun yi ta a lissafi. Na san kuma in aka sa wa lamba irin wannan wutsiya, tarin abin ake nufi. Na auna ta ta kowace fuska, ban ga abin da za ta zama ba sai abu ɗaya. Na ce, "An sa su zaman arba'in ne. Wai kada ƙurar da suka kwaso a jikinsu ta cuci iyalinsu da sauran mutane. Sai sun gama za a bar su su shiga gida."

Ladi ta zame ta zauna a ƙasa. "Arba'in? Maza? Haihuwa suka yi a can?"

"Sai a dama musu kunun kanwa," in ji Gumar. "Ko wa ya kai musu darbejiya? Ni dai ba a aike ni ba."

Suka yi ta yi, Baba har da hawaye. Inna kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta karɓi takardar, ita da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ta daɗe tana kallon matan nan da ke tsaye a bayan gilashi. Sannan ta ɗaga kai ta dubi kayan aikin Baba da ke rataye a ƙusa.

Sai bayan shekaru, da na mallaki ƙamus nawa na kaina, na gane kalmar keɓewa kawai take nufi, kuma mutanen ba su yi arba'in a ciki ba. Amma ta riga ta shiga gidanmu da ma'anar da Inna ta sani, ta zauna. Ga mace irin Inna, arba'in ba abin dariya ba ne. Wanda ya je bakin wuri mai haɗari ya dawo, ba a barin sa ya shiga mutane haka nan; sai an keɓe shi, an gasa masa jiki da ruwan zafi, an fitar da abin da ya kwaso. Haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta. Washegari muna tankaɗe ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Mai Takarda, mutanen da suka iya hawa sama sun ji tsoron ƙurar dutse. Irinsu ne kuma suka zo nan suna haƙar dutse."

Kafin mako ya ƙare ta kafa wata 'yar rumfa a bakin ƙofar gida daga ciki, a hannun dama in ka shigo. Ni da ita muka jawo fasassun tano daga juji, ta ɗaure su da waya, ta toshe kowace kafa da tsumma da laka, ta rataya buhu a ƙofa. Ta jawo tukunyar jego ta girka a gefe. Da Baba ya dawo ya tarar da ruwa yana tururi, ga wankakkiyar riga a ninke a kan dutse.

"Wannan fa?"

"Malam, ka tuɓe a nan, ka yi wanka, sannan ka shigo."

"Ai na saba sai na huta nake wanka."

"Yanzu sai ka yi wanka ka huta."

Ya dube ta, ya dube ni, ya yi murmushi, ya shiga. Ya ɗauka abin kwana biyu ne.

Ba ƙaramin aiki ta ɗora mana ba. Ruwan da yake isar mu a da, yanzu sai an ninka, ni ce mai komawa famfo bayan na taso daga lakwal, garwa a ka, littafi a hammata. Itace kuwa a wannan ƙasa ya fi nama daraja. Makiyaya ke kawo shi a kan jakuna daga wajen Gugaram, Inna takan ba su fura su ba ta ƙirare. Ta rage wutar girki don ta tukunya ta samu. Kayan aikin kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ba. In Baba ya fito, sai ta shiga rumfar ta saki buhu, ta kakkaɓe su da sanda kafin ta jiƙa, don ta ce in aka jiƙa su da garin a jiki, laka suke zama su cinye sabulu. Daga waje muna jin bugun, tim, tim, tim, da ɗan tarinta a tsakani. In na ce in taya ta, sai ta ce, "Matsa can ki riƙe yaron. Na toshe ko'ina don kada ta fito ta same ku, ke kuma za ki shigo ki same ta?" Takan fito girarta fari kamar ta Baba, ta wanke fuska da hannu da ƙirji, ta canza zane, sannan ta karɓi Sanusi ta ba shi nono.

A unguwar da katangarta kwano ce ba a ɓoye tururi. Ladi ta kai labari bakin kaskonta, daga nan ya hau motar ma'aikata ya tafi rami. Nan da nan sunan Baba ya ɓace, ya koma Mai Jego. A hanya a ce masa, "Ina ruwan zafi? Ya jaririn?" A ƙofar masallaci tsofaffi su tambaye shi ko an kusa fita. Baba mutum ne mai son raha, amma mai son shi ya yi, ba a yi da shi ba. Ya jure watanni, muna gani fuskarsa tana canzawa, wankan yana gajarta. Ran da abin ya kai maƙura, abokan aikinsa ne suka ajiye masa ƙwaryar kunun kanwa a wurin cin abinci, suka ɗaura zanen goyo a hular kwanonsa.

Ya dawo bai yi sallama ba. Ya wuce rumfar, ya wuce tukunyar tana tafasa, ya nufi ɗaki da kayansa da takalmansa. Lokacin Sanusi ya fara rarrafe. Yana jin takun ya saki ludayin da yake wasa da shi ya nufo shi, yana dariya, yawu na zuba. Baba ya sunkuya ya miƙa hannu. Inna ta riga shi. Ban san lokacin da ta taso daga murhu ba. Na ga dai yaron a kafaɗarta, ta ja da baya har ta jingina da kwanon ɗaki.

"Ba ni ɗana."

"Ruwa ya yi zafi, Malam."

"Na gama wannan wasan. Kin mai da ni abin dariya a gari saboda takardar ƙosai. Duk mazan unguwar nan da kayansu suke shiga ɗaki. Wa ya mutu?"

Inna ta gyara wa yaron zama a kafaɗarta. Sannan ta ce, a hankali, "Rakiya ma haka take rarrafowa."

Ba abin da ake ji sai tafasar tukunya.

"Ban ce kai ne ba," in ji ta. "Ban san ko mene ne ba. Amma wannan ba zai sa fuska a rigar nan ba. In ba za ka iya ba, jibi Gumar zai sauka kudu, akwai wuri a bayan motarsa."

Inna ba ta taɓa yi wa Baba maganar tafiya ba, ko kafin wannan rana ko bayanta. Ya tsaya hannunsa a miƙe kamar ya manta da shi, sannan ya juya ya fita, ya bar sawun farin gari a tsakar gida. Inna ta ba ni yaron, ta yayyafa wa sawun ruwa, ta share.

Har aka yi magariba bai dawo ba. Inna ta zuba tuwo a kwano ta ce in kai masa filin da Gumar ke ajiye mota, can zai kasance. Na cusa takardar a ƙugu na tafi. Na same su zaune jikin taya, Baba yana nan da kayan aikinsa, Gumar yana fifita gawayi.

"Yauwa, ga malamin ya zo," in ji Gumar. "Zauna, yarinya. Babanka ya ce Inna naka ya raina shi. Na ce masa ni ma na yi dariya, amma ni bakina a rufe yake tun ina saurayi, ƙura bai san hanyar cikina ba. Ka zo da takarda?"

Na gyaɗa kai. Baba bai dube ni ba. Can ya ce, "Su mutanen nan, leburori ne irina, ko manya ne?"

"Manya ne, Baba. An rubuta wai har shugaban ƙasarsu ya zo taryarsu."

"Ya shiga wurinsu?"

"A'a. Ta bayan gilashi ya gaishe su. Bai ba su hannu ba."

"Aka yi musu dariya?"

Na kara takardar kusa da garwashi na duba sosai, don ban so in faɗi abin da babu. "Ba a rubuta ba. Su dai suna dariya a hoton."

Gumar ya ɗaga buta sama ya zuba shayi har ya yi kumfa. "To ka ji. Mutum ya hau har wata, ya dawo, aka ce masa tsaya waje, ya tsaya. Kai rami kawai ka sauka, Idi. Kuma jibi motata cike yake da buhuna. Kada ka sa in sauke kayan mutane don in ɗauki iyalinka, domin in ya ce in ɗauka, zan ɗauka."

Baba bai taɓa tuwon ba. Ya ɗauki kwanon ya miƙe, na bi shi a baya. A hanya wata ya fito ta gabas, babba, jajir. Baba ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Wai har can." Muka ci gaba da tafiya. A gida Inna ba ta bar wutar ta mutu ba. Ya miƙa mini kwanon, ya shiga rumfar, ya saki buhu. Sai muka ji muryarsa daga ciki.

"Innar yara, a miƙo ruwan. Kuma gobe a dama mini kunun kanwa. Tun da dai jego nake, a yi mini shi cikakke."

Inna ta juya baya don kada in ga fuskarta, amma na ga kafaɗunta.

Arba'in ɗin Baba ba ta ƙare ba sai ran da ya ajiye aiki. Sunan ya karɓe shi. In an ce masa ina ruwan zafi, ya ce da godiya, a ci gaba da tafiya. Sanusi ya koyi abin tun kafin ya koyi magana. In ya ji takun, sai ya rarrafa ya zauna nesa kaɗan da rumfar, inda Inna ta ja masa layi da ƙafa, yana kallon buhu. Baba ya riƙa yi masa magana daga ciki, yana tambayarsa labarin gida, yaron yana amsawa da gwaranci, har buhun ya ɗaga. Wannan ɗan jiran shi ne abin da na fi tunawa da shi a duk ƙuruciyata: tururi, ƙamshin sabulu, yaro zaune a ƙasa, mutum yana fitowa da jiƙaƙƙen gemu. Wasu mata suka kafa irin rumfar a gidajensu, in an tambaye su su ce wurin ajiye gawayi ne. Daga baya aka hana fitowa da kayan aiki gida, amma kafin nan Sanusi har ya shiga lakwal. Ko a lokacin Inna ba ta sauke tukunyarta ba. Ta ce gemu da kunnuwa ba a barin su a wurin aiki. Sanusi ya rayu. Yana can Yamai, ƙato, da furfurarsa, bai san ciwon ƙirji ba. Ni ma ga ni.

Tarin Inna ya fara kamar ba komai, irin wanda ake cewa hayaƙin murhu ne. Lokacin na gama karatu ina koyarwa a nan garin. Ta daina iya ɗaukar garwa, sannan ta daina iya kaiwa bakin ƙofa ba tare da ta tsaya ta dafa rumfar ba. Ƙirjinta ya riƙa wannan kukan da na taɓa ji sau ɗaya ina yarinya. A asibiti aka ba ciwon suna da Faransanci, na duba a ƙamus, ban ƙaru da komai ba. Likita bai ce ƙura ce ba, ni ma ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba. Abin da na sani shi ne abin da na gani: shekara da shekaru, kowace yamma, mace ɗaya da sanda a cikin ɗakin da ta toshe kowace kafarsa da hannunta. Baba ne ya yi jinyarta. Shi ke hura wuta a ƙarƙashin tsohuwar tukunyar, ya sirka ruwan, ya kai mata, gemunsa lokacin fari ne na gaskiya, wanda ba ya wankuwa. Tana ce masa ruwan ya yi zafi da yawa, yana cewa ai ke kika koya mini. Ta riga shi rasuwa da shekaru masu yawa. Bayan an share makoki ya hana a rushe rumfar. Yakan zauna a bakinta bayan la'asar, lokacin da ma'aikata ke dawowa, yana amsa gaisuwa.

Yanzu kowa ya san kalmomin. Yaran da ba su kai aure ba sun san sunan abin da ke cikin dutsen da abin da ake cewa yana yi wa jiki, suna gardama a kai a wurin shan shayi. Sani ya yi yawa, mutanen ne suka yi kaɗan. Ladi ta koma Katsina, can ta rasu. Gumar an ce ya ƙare kwanakinsa a wani lambu cikin duwatsun Abzin, yana shayar da albasa. Takardar gara ta cinye ta. Unguwar bukkoki an gine ta da bulo, inda rumfar take yanzu shagon cajin salula ne, shi ma a garƙame. In na bi ta wurin bayan la'asar nakan rage tafiya, kamar zan ji bugun sandar.

Jiya na ba Nana ta karanta abin da na rubuta zuwa nan. Ta karanta har ƙarshe, ba ta kuma sake maganar tsufa ba. Sannan ta ɗauko salularta ta nemo mini hoton nan na da, shi kansa, mazan uku a bayan gilashi, sarai kamar yau aka ɗauka. Ta ce duk abin da nake son sani game da tafiyar yana ciki, abin da suka ci, abin da suka faɗa, duwatsun da suka kwaso, in tambaya kawai.

Na daɗe ina kallon hoton. Fararen kayan nan masu kauri ba sa jikinsu. Sun tuɓe, suna cikin wankakkun riguna, fes, kamar Baba in buhu ya ɗaga. Na ce, "To ƙawata, duba mini. Kayan da suka tuɓe, wa ya kakkaɓe?"

Tana nan tana latsawa har aka kira magariba.